Dokar Duba Jiragen Fasinja Da Alhazan Ƙasar Hausa

Kaugama, cikin ƙasar Haɗejiya, nesa ta ke da teku ƙwarai. Ruwan da mutumin wannan yanki ya sani shi ne na kogin Haɗejiya, wanda kan cika ya malale fadamu cikin watan Agusta da Satumba, da rani kuwa ya janye ya bar yashi da tafkuna. Saboda haka in aka ce za a yi magana a kan dokar da Turawa suka kafa ta duba jiragen teku masu ɗaukar fasinja, mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Amma fa da ruwansa, domin hanyar gabas ta ƙasar nan ta bi. Mai niyyar Hajji a zamanin da, in ya tashi daga Kano ko Haɗejiya, sai ya ratsa Barno, ya haye zuwa Fot Lami, wadda a ke kira Injamena yanzu, ya bi ta Abeshe da Jinena da Fashir har Al'ubayyid, inda ya ke tarad da jirgin ƙasa tun wajen 1912. Waɗansu su kan yi shekaru a hanya, suna tsayawa ƙodago, ko a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ko a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe cikin 1925. Komi daɗewar mutum a hanya, ƙarshenta sai ya tsaya a bakin Bahar Maliya, a Sawakin, tsakaninsa da Jidda kamar mil 200 na ruwan gishiri. A nan tilas ya ba da ransa amana ga jirgin da bai san wanda ya ƙera shi ba, bai kuma san wanda ya duba shi ba.

Fataken goro ma sun san jirgin teku. Tun farkon ƙarni na 20 Hausawan Gwanja suka fara ɗora goro a jirgi daga Ankara da Sakwandi zuwa Ikko, Alhasan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci, su kuwa a daben jirgi su ke kwana kusa da kayansu.

Uwar dokokin nan ita ce wadda Majalisar Ingila ta zartar cikin 1894, doka mai sashi 748, wadda ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila suka yi ta kwaikwayo wajen rubuta nasu. Abin da ta faɗa game da fasinja a fili ya ke. Kowane jirgi mai inji da ke ɗaukar fasinja fiye da 12, sai an duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Masu dubawa iri biyu ne. Ɗaya masanin ƙirar jirgi, shi ke duba gangar jikin, da kwalekwalen tsira, da fitilu, da kamfas mai nuna alƙibla. Ɗayan injiniya ne, shi ke duba inji da tukwanen tururi. In sun gamsu su rubuta shaida su aika wa Ma'aikatar Ciniki, ita kuwa ta ba da takardar da ke faɗin iyakar inda jirgin zai iya zuwa, da yawan mutanen da zai ɗauka. Jirgin da ba shi da wannan takarda ba shi da ikon fita da fasinja. An kuma ce a manna ta a sarari cikin jirgin, inda kowa zai gani.

Wajibi ne a yaba abin da ya cancanci yabo. Hikimar dokar tana ga abu guda: ta raba mai jirgi da hukunci a kan jirginsa. Mai jirgi ɗan kasuwa ne, kowane kai da ya shiga kuɗi ne, ba kuwa a sa kura kiwon awaki. Wanda ya rubuta sashen tara ma ya san halin mutane. Ya ce in aka ɗauki fiye da ƙa'ida, tara ta iya kai fam 20, ban da sule 5 a kan kowane mutum da aka ƙara. In kuwa kuɗin jirgin ya wuce sule 5, to, a biya ninki biyu na kuɗin da aka karɓa daga waɗanda aka ƙara ɗin. Watau an nufi cin riba ya zama hasara ke nan, tarar da ba ta cinye ribar laifi ba kuwa kuɗin lasin ce kurum.

Kafin wannan akwai aikin wani wakilin majalisa mai suna Samuel Plimsoll. A zamaninsa waɗansu masu jirage su kan yi wa ruɓaɓɓen jirgi inshora mai tsada, su labta masa kaya ya fi ƙarfinsa, in ya nutse su karɓi kuɗi, matuƙa kuwa sun tafi ke nan. Ya rubuta littafi a kan haka cikin 1873, ya yi ta kai ƙara har aka yi doka cikin 1876, aka ce a zana da'ira a gefen kowane jirgi da layi ya ratsa ta, kada ruwa ya wuce layin in an yi lodi. To, ga inda gizo ke saƙa: mai jirgi aka bar wa zaɓen inda zai zana layin. Sai cikin 1890, bayan shekara 14, aka karɓe wannan iko aka ba hukuma. A riƙe wannan magana, za a komo kanta.

Aibin farko na takardar shaida shi ne ba ta ce jirgi ba zai halaka mutane ba. Abin da ta ke cewa kaɗai, jirgi ya dace da ƙa'idar da aka rubuta. In ƙa'idar ta tsufa, takardar ta zama shaidar zur wadda babu maƙaryaci a cikinta. Jirgin Titanic ya nutse cikin watan Afrilu 1912 da takardunsa cif. Ƙa'idar 1894 ta auna yawan kwalekwalen tsira da girman jirgi, ba da yawan mutane ba, ta kuma tsaya ga jirgi mai tan 10,000, ta ce daga nan zuwa sama kwalekwale 16 sun isa. Titanic ya haura tan 46,000. Ya ɗauki kwalekwale 20 masu cin mutum 1,178, har ya ɗara abin da doka ta nema, alhali mutanen ciki sun fi 2,200. Wajen 1,500 suka halaka. Daga nan ne ƙasashe suka taru a London suka sa hannu a yarjejeniyar tsare rayuka a teku cikin Janairu 1914, wadda ta ce kowane rai sai an tanadar masa wuri a kwalekwale. Yaƙi ya hana ta aiki, sai aka sake wata cikin 1929, ta fara aiki 1933.

Aibi na biyu ya fi shafar alhazai, labarinsa kuwa ya girmi na Titanic da shekara 32. Cikin watan Yuli 1880 wani jirgi mai suna Jeddah, mai tutar Ingila, ya tashi daga Singafo ya biya ta Finan, ya ɗauki maniyyata fiye da 950, maza da mata da yara. Da suka kusanci ƙahon Afirka ta wajen ƙasar Somaliya, hadari ya taso, tukwanen inji suka goce daga mazauninsu, ruwa ya fara shiga. Cikin daren 8 ga Agusta kyaftin ɗin, Joseph Clark, da matarsa da babban mataimakinsa da waɗansu ma'aikata suka saukar da kwalekwale suka gudu, suka bar bayin Allah cikin duhu. Wani jirgi ya tsince su ya kai su Adan, a can suka ba da labari wai jirgi ya nutse da kowa da kowa. Kashegari sai ga wani jirgi mai suna Antenor ya shigo Adan yana janye da Jeddah, mafi yawan maniyyatan da ransu, su da kansu suka yi ta kwarfar ruwa har taimako ya zo. Kyaftin ɗin nan yana da takardar shaidar ƙwarewa, hukuma ce ta ba shi. Da aka zauna bincike a Adan, hukuncin da aka yi masa shi ne a riƙe takardar tasa shekara 3. Shekara 3, a kan rai kusan dubu! Mai karatu ya auna da kansa ko haka za a yi in da fasinjan nan 'yan Libaful ne. Wannan labari ne Joseph Conrad ya gina littafinsa Lord Jim a kai cikin 1900, amma shi hankalinsa na ga kunyar Baturen da ya yi tsalle, alhazan kuwa taro ne kawai marasa suna. Ita ma dokar kusan haka ta ke kallonsu.

Domin in aka bi asalin dokokin da aka yi musamman don jiragen alhazai, za a tarar tsoron annoba ne ya haife su. Cikin 1865 kwalara ta ɓarke a Makka, ta bi alhazai zuwa Masar, daga can jirage suka kai ta Turai. Shekara ta zagayo aka yi taron ƙasashe a Santambul a kan haka. Aka kafa wuraren tsare matafiya, ɗaya a tsibirin Kamaran a kudancin Bahar Maliya, ɗaya a Ɗuri ta ƙasar Sina'i. Bayan mummunar annobar 1893 aka sake taro a Faris cikin 1894, kacokan a kan aikin Hajji. Yarjejeniyar lafiya ta 1926 ita ta tattara ƙa'idodin: jirgin alhazai ya kasance da likita, in mutane sun wuce 1,000 a ƙara na biyu, kowane mutum a ba shi ruwan sha lita 5 a yini, watau galan ɗaya da 'yan kai, a kuma auna wa kowa wuri murabba'in ƙafa 16 a cikin jirgi. Ba za a ce waɗannan ba su yi amfani ba. Likita da ruwa mai tsabta sun ceci rayuka da yawa, ko da wace niyya aka tanade su. Amma a ɗauki igiya a auna murabba'in ƙafa 16 a tsakar gida: tsawo ƙafa 6, faɗi bai cika ƙafa 3 ba. Tabarma guda ke nan, a nan mutum zai kwanta, a nan zai ci, a nan zai yi salla.

Wajen nutsewa da gobara kuwa, mudu biyu aka yi awo da shi, ba a ɓoye ba. Yarjejeniyar 1929 ta yarda a sassauta wa jiragen da ke ɗaukar taron fasinja marasa ɗaki, har ta ambaci jigilar alhazai da suna. Cikin 1931 aka zauna a Simla ta ƙasar Hindu aka rubuta wa irin waɗannan jirage ƙa'ida ta dabam, mai sauƙi bisa ta jiragen Turai da Amurka, aka yi ta aiki da ita har aka maye gurbinta da yarjejeniyar 1971. Hujjar da aka kafa ita ce in aka tsananta, kuɗin jirgi zai fi ƙarfin talaka, ga shi kuma tekun da su ke bi da sauƙi a lokatan tafiyar. Hujjar ba ta wofi ba ce ɗungum. Sai dai wuta ba ta tambayar ko teku a kwance ta ke. Shekara guda kafin taron Simla, cikin watan Mayu 1930, wani jirgin Faransa mai suna Asia ya kama da wuta a tashar Jidda kanta, ɗauke da alhazai wajen 1,500 masu komawa gida, fiye da 100 suka rasu. Waɗanda suka zauna a Simla sun san wannan labari.

Duk da haka, babban aibin ba ya cikin abin da dokar ta rubuta. Yana ga waɗanda ta kora daga inuwarta. A Sawakin, Gwamnatin Sudan ta shimfiɗa sharuɗɗa kafin maniyyaci ya hau jirgi mai takarda: a yi masa lamba da allura, ya biya kuɗin karantina, ya kuma sayi tikitin zuwa da komowa. Akwai dalili. Kowace shekara a kan sami Takari da yawa sun maƙale a Jidda, guzuri ya ƙare, babu na komawa, sai bara da kwana a bukkoki bayan gari. Hukuma ta so ta toshe wannan. Amma mutumin da ya taka da ƙafa tun daga Haɗejiya, ga mata ga 'ya'ya, ina ya ga kuɗin tikiti biyu na kowane kai a lokaci guda? Shi tun fil azal tafiyarsa zango zango ce, ya yi aiki ya samu, ya ƙara gaba. Don haka da yawa suka kauce wa Sawakin, suka nufi kudu ƙasar Iritiriya, wadda ke hannun Italiya daga 1890 zuwa 1941, suka nemi masu sambuk a wajajen Masawa. Sambuk jirgin katako ne mai filafilai, iska ke kora shi. Babu sufeto, babu likita, babu layi a gefe, babu wanda ya ƙidaya waɗanda suka shiga balle a san waɗanda ba su fita ba. A kan sauke su a gaɓar Kunfuda ko Lis, nesa da Jidda, su ƙarasa da ƙafa cikin ƙishi. Waɗansu kuma, musamman yara da mata, a hannun masu cinikin bayi suka ƙare, domin sai cikin 1962 aka hana bauta a ƙasar Saudiyya. Gwamnatin Nijeriya ta san da haka, har ta aiki wani jami'inta, G. J. Lethem, ya bi hanyar cikin 1925 ya rubuto rahoto.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a yi hukunci. In aka duba littafin tashar Sawakin kaɗai, dokar ta ci nasara: jiragen da aka duba sun kai mutane sun komo da su. Amma littafin bai ƙunshi wanda tsadar dokar ta tura cikin sambuk ba. An kyautata jirgi, an kuma sa masa ƙofar da talaka ba ya iya shiga. Da an bar sharaɗin duba jirgi da ƙarfinsa, aka sassauta na tikitin komowa, ko aka sa ido ga sambuk ɗin kansa aka ƙayyade masa lodi maimakon a yi kamar babu shi, da lissafin rayuka ya fi haka kyau. Maganar ta mutu ne ba don an gyara ba, sai don jirgin sama ya karɓe jigilar alhazan Nijeriya sannu a hankali tun daga shekarun 1950.

Akwai wani abu ƙarami da ya shafi duk wanda ya sha wahalar koyon karatu da girma. Dokar ta ce a manna takarda inda kowa zai gani. Gani dabam, karantawa dabam. Da Turanci aka rubuta ta, wanda aka rubuta dominsa kuwa ko dai ajami ya sani ko bai san komi ba. Da a ce fasinja ɗari sun iya karanta lambar da ke jikin takardar, sun kuma iya ƙidaya kawunansu, da kowannensu ya zama sufeto ba da albashi ba. Wannan rabin dokar a hannun jama'a ya ke, ba a kuwa taɓa miƙa musu shi ba.

Bayan mulkin kai Nijeriya ta yi tata dokar jiragen ruwa cikin 1962, bisa tsarin ta Ingila, aka sake ta cikin 2007. An kuma kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa cikin 1997, hedkwatarta a Lakwaja. Abin da aka gada bai tsaya ga sassan doka ba, har da inda ido ya saba kallo. Ido ya saba da babban jirgi mai inji a tashar Ikko, kwalekwalen ƙauye kuwa tun farko ba shi cikin lissafi, kamar dai sambuk. Shi ne kuwa ke ɗaukar mafi yawan mutane. Cikin Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a Ɓagwai ta Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Cikin Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara wajen Fategi, suna komowa daga biki da dare. Kada kuma a zaci mallakar gwamnati ko takarda ita ce magani. Jirgin Joola na Gwamnatin Sanagal ne, an ƙayyade masa mutanen da ba su kai 600 ba, ya kife cikin Satumba 2002 da mutum kusan 2,000, aka lissafta 1,863 sun mutu, sun fi na Titanic. Lambar tana rubuce, babu dai wanda ya tsaya a bakin tsani ya ce ya isa.

A ƙasar Haɗejiya ba a bukatar sashi 748. Tun kafin zuwan Turawa akwai sarakunan ruwa da masu fito waɗanda suka san kowane mashigi, suka san ranar da kogi ba ya hayuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya halin kogin, kacalla ta toshe waɗansu hanyoyin ruwa ta karkatar da shi inda ba a saba ba, amma har yanzu da damina mutanen fadama da kwalekwale su ke zuwa gona da kasuwa. Abu uku daga tsohuwar dokar sun isa a ɗauko, ba kuwa masu tsada ba ne. A duba kowane kwalekwalen haya sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya zo, a ga inda katako ya ruɓe. A rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi a goshinsa, da boko da ajami, a kuma faɗi buhu nawa ke tsaya wa mutum guda, domin ran kasuwa hatsi da babura ne ke danne jirgi kafin mutane su shiga. A ja layi da farin fenti a gefe, wanda yaro ma zai gane in ruwa ya rufe shi.

Sauran magana ita ce wa zai ja layin. Ingila ta ɓata shekara 14 kafin ta gane mai jirgi ba zai ja wa kansa ba. Sarkin ruwa ya fi kowa sanin kogi, amma sau da yawa shi ma yana da jirage, ko 'yan'uwansa ne masu su, saboda haka sai a haɗa shi da wakilin hakimi da na ƙaramar hukuma, a ja layin a bainar jama'a ran kasuwa. Kuɗin dubawa kuwa a bar shi ƙanƙane ƙwarai, ko a ɗauke shi ɗungum, don kada mai fito ya bar mashigin da a ke sa ido ya koma wani lungu cikin kacalla yana ɗaukar mutane da dare.